Wanda ya ce ba shi da jam'iyya a Jos: 'yanci ne ko gudun dangi?

Ɗan_Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Zan faɗi wata magana, na kuma san wasu ba za su ji daɗinta ba. Ni dai na ajiye jam'iyya. Katin zaɓena yana nan, ranar zaɓe da ni za a yi layi in Allah Ya kai mu, amma zamanin a ce min "sak" in dangwala tun daga sama har ƙasa ya wuce. Kowace kujera zan dubi wanda ya tsaya mata. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, da zarar ka furta haka a majalisar hira sai a fara yi maka kallon wanda aka saya, ko wanda ya juya wa al'ummarsa baya. Alhali manyan da muke ɓatawa da juna saboda su ba su ɗauki jam'iyya da wannan nauyin ba. Atiku ya bar PDP ya yi takara a AC a 2007, ya dawo, ya tafi APC a 2014, ya sake dawowa a 2017. Kwankwaso ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP, ya zarce NNPP a 2022. Buhari kansa jam'iyyu uku ya yi wa takara: ANPP, CPC da APC. Su in sun tashi tafiya a fili ake tara jama'a a yi musu kiɗa. Talaka kuwa ya ƙi ɗan takara ɗaya tak, sai a ce maci amana ne. Me ya sa? Kuma tsakani da Allah, a garin nan mutum zai iya zama mai zaɓe mai zaman kansa, ko kaina nake yaudara?

Sarkin_Yaƙin_Rikkos:
Wa alaikumus salam. Kai dai faɗi gaskiya ɗan'uwa, an yi rabo ba a sa da kai ba. Duk wanda ka ji ya ce ya bar jam'iyya, bincika da kyau, akwai alkawarin da ba a cika masa ba.

Ɗan_Gangare:
Sarkin Yaƙi, ka ga irin abin da nake faɗa ko? Ban gama rufe baki ba har an yi min kuɗi. Ni ɗinki nake yi, da shi nake ciyar da gidana, ban taɓa kai takardar neman komai ofishin jam'iyya ba.

Baba_Dilimi:
Ɗana, na karanta maganarka har ƙarshe. Ba zan ce ba ka da hujja ba, amma kun taso kun tarar da jam'iyya ta zama shago, shi ya sa kuke ganin haka take tun asali. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan jam'iyyar NEPU ne. An kafa NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, kuma a zamanin a san ka da ita ba ƙaramar kasada ba ce. An ɗaure mutane, an yi wa wasu bulala a kotunan En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin, wasu an hana su aure, wasu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a kan haka. Babu wanda yake ba su ko anini, su ne ma suke karo-karo su yi wa jam'iyya hidima. Da kowane ɗayansu ya ce shi mai zaman kansa ne, wa zai iya tsayawa gaban En'e shi kaɗai? Talaka ba shi da kuɗi, ba shi da bindiga, yawansa ne ƙarfinsa, kuma jam'iyya ce ke tara yawan nan ya zama abin tsoro. Ko da PRP ta rabu a jamhuriya ta biyu, aka sami 'yan santsi da 'yan taɓo, Rimi da Balarabe Musa gefe guda, Malam Aminu Kano gefe guda, gardamar da aka yi ta yi a rumfunan shayi a kan alkibla ce. To ni shawarata, in gidan ya lalace gyara ake yi. Kwana a titi ba 'yanci ba ne.

Maman_Ilham:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma waccan jam'iyya ce mai aƙida. Yanzu a rufe tambari a karanto maka manufofin manyan jam'iyyun nan, wallahi ba za ka iya cewa wannan ta wane ce ba. Mutumin da ya zagi jam'iyya da safe shi ne kakakinta da yamma. Biyayya ga me za mu yi ke nan? Ga lema ko ga tsintsiya?

Barista_Bauchi_Road:
Bari in shigo da doka, don akwai abin da Ɗan Gangare ya kamata ya sani kafin ya yi nisa. Kana iya zama mai zaɓe da ba shi da jam'iyya, babu wanda zai tambaye ka katin jam'iyya a rumfar zaɓe. Abin da babu shi a ƙasar nan shi ne ɗan takarar da ba shi da jam'iyya. Tsarin mulkin 1999 ya rufe wannan ƙofar ruf. Sashe na 131 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai ya kasance ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Sashe na 177 ya faɗi haka game da gwamna, na 65 game da majalisar tarayya, na 106 game da majalisar jiha. Sashe na 221 kuma ya ce jam'iyya kaɗai ke da ikon nema wa ɗan takara ƙuri'a. Shi ya sa in ka duba takardar dangwale ba za ka ga sunan mutumin da kake so ba, tambarin jam'iyya kawai za ka gani.

Kotu ma ta sha nuna cewa wannan ba magana ce ta takarda kawai ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta cire Celestine Omehia daga kujerar gwamnan Ribas ta ɗora Rotimi Amaechi, mutumin da bai yi kamfen ɗin babban zaɓe a matsayin ɗan takara ba, bisa hujjar cewa shi ya ci zaɓen fidda gwani kuma PDP aka zaɓa. A Kogi a 2015 Abubakar Audu ya rasu ana cikin tattara sakamako, Yahaya Bello ya gaji ƙuri'unsa. A Zamfara a 2019 APC ta cinye komai, Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, duk ƙuri'un suka tashi a banza, Matawalle na PDP ya hau. Shekara biyu bayan nan shi ma ya koma APC ɗin.

Saboda haka ɗan'uwa, a zuciyarka mutum ka zaɓa, amma abin da aka rubuta a takardar sakamako jam'iyya ce.

Nanret_Tudun_Wada:
Barista, ai ba sai ka je Zamfara ba, ga namu a gida. A 2023 mun sha rana a layi, mun zaɓi mutanen da muka sani, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cirewa. 'Yan majalisar jiha goma sha shida na PDP suka rasa kujerunsu, sanatoci biyu suka tafi, Simon Mwadkwon da Napoleon Bali, ga kuma na majalisar wakilai. Ba a ce sun yi maguɗi ba fa. Cewa aka yi jam'iyyarsu ba ta bi umarnin kotu ta sake zaɓen shugabanninta yadda ya kamata ba, don haka ba ta da hurumin tsayar da kowa. Shi kansa Gwamna Mutfwang an soke zaɓensa a Nuwamba, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Wannan abu ya canja min tunani ta hanyar da ban zata ba. Da ina cewa ni mutum nake bi, ba ruwana da rikicin cikin gidan jam'iyya. Ashe rikicin da ba ruwana da shi ne zai cinye ƙuri'ata. Yanzu in za a yi taron jam'iyya na mazaɓa ina sa kunne, ko ban shiga ba.

Barista_Bauchi_Road:
Haka ne 'yar'uwa. Abin da ya ƙara wa mutane ciwo shi ne Kotun Ƙoli ta ce batun yadda jam'iyya ta tsayar da ɗan takara ba na kotun zaɓe ba ne, wato dalilin da aka cire su da shi bai tsaya ba. Amma shari'ar zaɓen 'yan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce kawai ke wucewa sama. Gwamna ya tsira, su kuma babu ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Alhaji_Katako:
Duk kuna ta kewaye-kewaye, babu wanda ya taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Ɗan Gangare, kai ɗana ne, mahaifinka ma ba zai girme ni ba, to ka saurara. Maganar zaman kai ta dace da wanda yake zaune a inda ba a tambayar asalinsa. Mu a Jos ta Arewa ba haka muke ba. Tun da Babangida ya ƙirƙiro ƙaramar hukumar nan a 1991 ake ja-in-ja a kan wa ke da ita. A 1994 naɗa shugaban riƙo kawai aka yi, gari ya kama da wuta. Yaranmu da aka haifi kakanninsu a nan suna shan wahala kafin su sami takardar shaidar ƙaramar hukuma, ita ce kuma mabuɗin makaranta da aikin gwamnati. Mene ne a hannunmu da zai sa ɗan siyasa ya cire takalmi ya zauna a tabarmarmu? Ƙuri'ar mazaɓun Ali Kazaure da Gangare da Garba Daho da Sarkin Arab da Ibrahim Katsina da Naraguta in ta faɗa wuri guda. Wannan ne kaɗai jarinmu. In kowa ya ce shi mai ra'ayin kansa ne, aka watsa ta gida biyar, mun tashi a tutar babu. Ba jam'iyya nake karewa ba, ni na zaɓi jam'iyyu daban-daban a rayuwata. Abin da nake cewa, in dattawa da malamai da matasa sun zauna sun fuskanci alƙibla ɗaya, kai ma ka fuskance ta, ko ranka bai so ba.

Ummi_Farin_Gada:
Alhaji, da girman kujerarka, ina da ja. Jari sai ana juya shi yake riba. Ƙuri'ar da kowa ya san inda za ta faɗa tun kafin a buga gangar siyasa, wa zai taya ta? Wanda ya san tasa ce ba zai wahalar da kansa ba, wanda ya san ba zai samu ba shi ma ba zai ɓata mansa ya shigo unguwar ba. Mu ne a tsakiya babu mai zuwa. Ku dubi babbar kasuwar Taminus. Ta ƙone a 2002. Gwamna Dariye ya wuce, Jang ya yi shekara takwas, Lalong ya yi takwas, PDP ta yi APC ta yi, kowa da alkawarin sake gina ta. 'Yan kasuwar da suka yi asara akwai Musulmi akwai Kirista, kuma kowane ɓangare ya dunƙule ya zaɓi "nasa" a lokuta daban-daban. Me dunƙulewar ta saya musu? Sannan wannan zama da ake cewa dattawa da malamai da matasa sun yi, ni ban taɓa jin an kira mace ko ɗaya ba. Sanarwa kawai muke ji bayan an gama.

Sarkin_Yaƙin_Rikkos:
Ummi, wanda bai kwana a garin nan ranar 28 ga Nuwamban 2008 ba shi ne zai yi irin wannan maganar. Zaɓen ciyaman ne fa ya jawo aka rasa ɗaruruwan rayuka. Waɗancan ba sa raba tasu ƙuri'ar, mu ne za mu raba tamu?

Dung_Bukuru:
"Waɗancan" su wa ke nan? Ni ne? Mu ma mun binne namu a 2008, kuma mu ma haka ake tsorata mu da ku duk zaɓe.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Ba mu hana a ambaci tarihi ba, amma babu "mu da su" a zauren nan, duk 'yan Jos ne. Sarkin Yaƙi, Dung, kowa ya sassauta. Wanda ya sake jifan wani ɓangare zan goge saƙonsa. A koma kan tambayar Ɗan Gangare.

Sadiq_Amurka:
Bari in kawo muku labarin inda nake zaune, ko zai ɗan huce zauren. A nan cewa "ni ba na kowace jam'iyya" ya zama abin ado. Binciken Gallup na 2023 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na Amurkawa haka suke kiran kansu, sun fi 'yan Democrat yawa, sun fi 'yan Republican. Amma da masu bincike suka ƙara tambaya ɗaya, wato to wane ɓangare ka fi karkata, sai yawancinsu suka faɗi. Cibiyar Pew ta fitar a 2019 cewa waɗanda ba su karkata ko'ina ba kashi 7 ne kacal na jama'a, kuma su ne suka fi ƙauracewa rumfar zaɓe. Sauran suna zaɓe ne tamkar masu kati, sunan ne kawai ba sa so. Kuma a nan doka ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa, amma duba sakamakon: Ross Perot ya sami kusan kashi 19 na ƙuri'un ƙasa a 1992 bai ci jiha ko ɗaya ba. Bernie Sanders da Angus King sanatoci ne marasa jam'iyya, amma a majalisa da 'yan Democrat suke zama. Don haka Ɗan Gangare, ga gwaji: a zaɓuka uku da suka wuce, sau nawa ka dangwala wa wanda 'yan unguwarku ba sa so? In amsar babu ce, to kana da jam'iyya, kati ne ba ka da shi.

Yaro_Mai_Keke:
Yaya Sadiq, ku da ake kawo muku wuta ba ɗaukewa ku ne ke da lokacin lissafin kashi-kashi. Turo mana dala mu ma mu zama masu zaman kanmu.

Malam_Naraguta:
Maganar Sadiq ta yi daidai da abin da muke koyarwa. A farkon shekarun 1970 wani masani mai suna Henri Tajfel ya yi gwaji da yaran makaranta a Bristol ta Ingila. An raba su gida biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai waɗannan sun fi son zanen wani mai zane, waɗancan na wani. Yaran ba su ma san su wa ke rukuninsu ba. Da aka ba su dama su raba lada, sai kowa ya fifita ɗan rukuninsa, har wasu suka gwammace nasu ya sami kaɗan muddin ya fi na ɗaya ɓangaren. Babu gaba ta gado, babu addini, babu ƙabila, suna kawai aka laƙaba musu. To ina ga an ɗora wannan ɗabi'a a kan garin da aka zubar da jini, aka raba unguwanni? Shi ya sa nake ganin Alhaji Katako da Dung tsoro ɗaya ne ke magana a bakinsu. Kuma kada masu cewa su 'yan ba-ruwanmu ne su ɗauka sun tsira. Su ma suna zama rukuni, da taƙamarsu ta "mu ne wayayyu, sauran tumaki ne". Na ga masu wannan iƙirari a Facebook da suka fi 'yan jagaliya zafin baki.

Yaro_Mai_Keke:
Malam ai ba sai an je Ingila ba, a zo gidan kallon ƙwallo ranar da Arsenal ke wasa da Man U.

Dung_Bukuru:
Ƙwallo ta fi siyasa amana. Ni tun ina yaro Plateau United nake yi, na jira har 2017 kafin mu ɗauki kofin gasar ƙasa, ban taɓa komawa Kano Pillars ba.

Maman_Ilham:
To ai matsalar ke nan, Dung. Kulob in ya sha kashi baƙin cikin dare ɗaya ne. Wanda ka zaɓa saboda "namu ne" in ya gaza, asibitin da za ka kai matarka ne babu magani.

Hajiya_Shugabar_Mata:
Ni 'yar jam'iyya ce, ba na ɓoyewa, na daɗe ina riƙe da mata a mazaɓarmu. Ummi ta faɗi gaskiya cewa ba a kiranmu zaman yanke shawara, amma ranar gangami mu ne ke cika fili da anko. Sai dai ku masu zaman kanku ku gaya min: matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara shida, in za a raba tallafi ko a ɗauki sunayen masu koyon sana'a, wa zai sa sunanta? Ta hannun shugabannin mazaɓa ake bi. Ba daidai ba ne, na sani, abin gwamnati na kowa ne, amma haka ake yi. Wadda ba ta cikin kowane rukuni ba ta cikin kowane lissafi. Saboda haka in kun ga mace ta riƙe jam'iyya gam, kada ku ce jahilci ne ko taliya da atamfa ne suka ruɗe ta. Ta yi lissafinta ne sarai. Zaman kai na mai abin hannu ne.

Wani abu kuma da maza ba su sani ba. Da yawa daga cikin matan nan za su amsa wa maigida da "to", su amsa min da "to Hajiya", su karɓi abin da aka raba, su shiga bayan labule su dangwala wa wanda ransu ya kwanta da shi. Mu da muke ƙirga alkawari kafin zaɓe mu ga sakamako bayansa mun san haka. Masu zaman kansu na gaskiya ba sa sanarwa a intanet.

Ɗan_Gangare:
Hajiya, wannan jifa ta same ni, na kuma karɓa. Amma a ce sai mutum ya ɓoye ra'ayinsa kafin ya zauna lafiya, ai shi ne ciwon da na kawo zauren. Sadiq, amsar tambayarka ita ce sau ɗaya, a kujerar majalisar jiha, kuma har yau akwai abokin da ba ya amsa sallamata da sakin fuska saboda haka. Alhaji Katako, ban raina maganarka ba Baba. Abin da nake tambaya shi ne wa ke zaɓar alƙiblar da za a ce duk mu fuskanta, kuma in ya kai mu rami wa zai tuhume shi? Ban taɓa ganin an dawo bayan shekara huɗu an ce jama'a ga abin da muka karɓo da sunanku, ga abin da aka cika, ga wanda aka saɓa ba.

Tsohon_Daliget:
Kai Ɗan Gangare, matsalarka ka makara ne. Ranar babban zaɓe an riga an gama komai, abin da aka girka a zaɓen fidda gwani shi za a zuba maka. Ni na yi daliget, na san yadda ake kwana a otal ana lissafi. A lokacin da nake yi, mutum ɗari kaɗan ne ke yanke wa miliyoyi hukuncin wanda za su gani a takarda. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. Mutumin kirkin da kake nema, malamin makaranta ko likitan unguwa, ta ina zai fara? Kuma garin nan shaida ne cewa a wajen fidda gwani ake yin shugaba: a Jos SDP ta tsayar da Abiola a 1993, a Jos PDP ta tsayar da Obasanjo a kan Ekwueme a 1999, lokacin Solomon Lar na shugaban jam'iyya. In da gaske kake, je ka yanki kati a mazaɓarka, ka tara abokanka masu ɗinki da masu keke ku ƙwace shugabancin mazaɓa. Kujerun nan sau da yawa babu mai nemansu sai yaran wani Alhaji. Kun bar mana fili, sannan ku dawo kuna cewa duk ɓarayi ne.

Ummi_Farin_Gada:
Baba Daliget, ku ƙwace a faɗa da sauƙi. In kun ƙwace sai a aiko da jerin sunaye daga sama a ce an yi maslaha. Wa bai san wannan ba?

Tsohon_Daliget:
Ana yi, 'yata. Amma inda mutane suka cika wurin taro suka ƙi tashi, mai kawo takardar yakan sake tunani. Na gani da idona.

Dung_Bukuru:
Ina so in koma kan abin da Sarkin Yaƙi ya ce, cikin natsuwa wannan karon. Ba gaskiya ba ne cewa Filato ba ta raba ƙuri'a. A watan Fabrairun 2023 Peter Obi na LP ne ya ci jihar nan da ƙuri'a sama da 466,000, Tinubu ya zo na biyu, Atiku na uku, alhali gwamnan jihar na lokacin, Lalong, shi ne babban daraktan kamfen ɗin Tinubu. Bayan sati uku mutanen nan dai suka juya suka ba PDP gwamna, LP ta koma can baya. Wake da shinkafa sosai aka yi. Abuja ma Obi ya ci, Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda da ya daɗe a kujerar sanata. Jam'iyya ba ta riƙe mutane kamar da ba.

Malam_Naraguta:
Dung, alƙalumanka daidai ne, amma ka tambayi kanka abin da ya motsa su. Tikitin Musulmi da Musulmi ya sa coci-coci da yawa suka fuskanci gefe guda, masallatai da yawa suka fuskanci ɗaya gefen. Mutane sun saki jam'iyya, gaskiya ne, amma wani rukunin suka kama wanda ya fi jam'iyya ƙarfi. Wannan ba shi ne zaman kan da Ɗan Gangare ke nufi ba.

Maman_Ilham:
Ni abin da ya fi ba ni tsoro ba masu jam'iyya ba ne. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a 2023, ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba. Tinubu da ƙuri'a miliyan 8.79 ya hau. Yawancin waɗanda na sani da suka fara da "ni ba ni da jam'iyya", zaɓe na gaba sai ka ji "ni ba na zaɓe, duk ɗaya ne". Ɗan Gangare, Allah Ya sa kada taka ta ƙare a nan.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga maƙwabcinku da ke kasuwanci a Jos. A ƙasashen da ke kewaye da ku akwai inda aka taɓa buɗe ƙofar takara ba tare da jam'iyya ba. A Benin, Boni Yayi a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk ba da tutar wata jam'iyya suka ci shugabancin ƙasa ba. Sai dai ɗaya tsohon shugaban bankin raya ƙasashe ne, ɗayan kuma attajirin auduga. Ba talaka ne ya shiga ta ƙofar ba.

Barista_Bauchi_Road:
A nan ma an sha yunƙurin buɗe ta. Kwamitin gyaran harkar zaɓe na Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar a yarda da ɗan takara mai zaman kansa tun 2008. Majalisar tarayya ta amince da gyaran a Maris na 2022, amma gyaran tsarin mulki sai ya sami amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36, kuma bai fito cikin waɗanda suka zama doka ba. Ba abin mamaki ba ne. Waɗanda jam'iyya ta kai kujera ake roƙo su rage wa jam'iyya ƙarfi.

Alhaji_Katako:
Ko an buɗe, a Jos ta Arewa 'yan takara goma za mu fitar, kowa da limaminsa. Ni dai ina nan a kan bakana. Amma maganar a dawo a yi wa jama'a bayanin abin da aka karɓo da sunansu, wannan na yarda da ita, zan kuma faɗe ta a inda ya kamata.

Nanret_Tudun_Wada:
Alhaji, in an sa ranar a gayyace mu, mu ma mu koyi yadda za mu titsiye namu. Tambaya gare ka Barista: zaɓen kansila fa? A nan ne na san ɗan takara har gidan ubansa, a nan ne ya kamata a ce zaɓen mutum ya yi aiki.

Barista_Bauchi_Road:
A nan ne ma ya fi rauni. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba INEC ba, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninta. A 2021 APC ta kwashe ƙananan hukumomi 17 duka, PDP ko takarda ba a sa ta ba. A 2024, bayan mulki ya koma hannun PDP, labari ya juya. Kusan kowace jiha haka abin yake.

Sarkin_Yaƙin_Rikkos:
To Ɗan Gangare ka ji. Ranar Asabar akwai taron mazaɓa bayan la'asar, in ajiye maka kujera ko kuwa?

Ɗan_Gangare:
Zan zo in ji da kunnena, amma kada ka rubuta sunana a rajista. Kuma kuɗin ɗinkin kaftaninka na sallah har yanzu saura dubu huɗu, ka taho da su.